Labarin zuciyar ƙarfe: yadda ake auna ƙarfin da ke maƙale cikinsa

Ranar 16 ga watan Janairu na shekara ta 1943, da dare, mutanen birnin Portland na ƙasar Amurka suka ji wata ƙara mai kama da tashin igwa daga wajen kogi. Ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, amma ba hari aka kawo ba. Wani jirgin ruwa ne na dakon man fetur, mai suna Schenectady, ya tsage gida biyu. Jirgin sabo ne ful, tsawonsa mita 159, bai daɗe da komowa daga tafiyar gwaji ba. Yana ɗaure a tasha, ruwa kwance, babu guguwa, babu abin da ya buge shi. Tsagar ta ratsa doronsa, ta gangara ta gefe biyu, sai ƙarfen gindi kaɗai ya riƙe. Tsakiyar jirgin ta ɗago bisa ruwa, goshi da wutsiya suka sunkuya ƙasa.

Tambayar da ta dami injiniyoyi a lokacin ita ce: mi ya ja ƙarfen har ya tsinke, alhali ba wanda ya ɗora ma shi kayan da suka fi ƙarfinsa? Jiragen wannan zamani da walda aka haɗa su, maimakon ƙusoshin da aka saba bugawa, domin a gaggauta aiki. Saboda haka zargi na farko ya faɗa bisa walda da abin da take bari cikin ƙarfe bayan ta huce. Daga baya binciken masana, cikinsu har da Constance Tipper ta jami'ar Kambirij a Ingila, ya nuna cewa babban laifin na irin ƙarfen ne, wanda ke rikiɗa ya zama mai gautsi kamar kasko idan sanyi ya yi yawa. Amma ba a wanke walda gaba ɗaya ba. Ƙarfe mai gautsi ma sai da abin da ke jansa yake tsagewa, kuma wani sashe na wannan ja tun daga ma'aikata jirgin ya fito da shi.

Wannan ƙarfi da ke zaune cikin ƙarfe ba tare da kowa ya taɓa shi ba, shi ne Faransawa ke kira contraintes résiduelles. A Hausa ana iya ce ma shi maƙalallen ƙarfi. Wanda ya san baka da tsirkiya ya riga ya san shi. Maharbi ya ɗaura tsirkiya, ya jingine baka a bango, ya tafi abinsa. Ba mai jan komi, amma tsirkiya na miƙe tsaf, itacen kuma na tanƙware, kowanne na riƙe da ɗan'uwansa. Haka abin yake cikin ƙarfe: wani wuri yana cikin ja, wani wuri yana cikin matsi, su biyun sun yi daidai, shi ya sa daga waje ba a ganin komi. Sai ranar da aka ɗora kaya, nauyin kayan ya haɗu da jan da ke ciki tun da farko, a ga ƙarfe ya kāsa a inda lissafi ya ce zai ɗauka.

Inda yake fitowa

Duk mai walda a Maraɗi ko Damagaram ya taɓa ganin alamarsa. Ya auna ƙofa da kyau, ya yanka ƙarafa daidai, ya ɗinke su da wuta, da ta huce sai ya tarar ta karkace, ta ƙi zama cikin gurbinta. Dalili shi ne ƙarfe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Sandar ƙarfe mai tsawon mita 1, idan zafinta ya ƙaru da digiri 100, tsawonta zai ƙaru da milimita 1 da ɗan ɗori. Ga ido wannan ba komi ba ne. To amma idan aka hana sandar wannan ɗan motsi, ƙarfin da zai taru cikinta ya kai wajen megapaskal 250, wato kamar a ɗora tan 2 da rabi bisa wurin da bai fi faɗin farcen yatsa ba. Nan kuwa ita ce iyakar juriyar ƙarfen gini na yau da kullum, inda yake fara lanƙwasa ba ya komawa yadda yake.

Digiri 100 ke nan kawai. A bakin walda ƙarfe narkewa yake yi, zafinsa ya kai digiri 1,500, alhali taki ɗaya daga nan hannu na iya taɓa shi. Idan ɗinkin ya fara hucewa yana son ya tsuke, ƙarfen da ke kewaye da shi, wanda bai yi zafi ba, ya hana shi. Sai ɗinkin ya daskare a miƙe kamar tsirkiya, maƙwabtansa kuma su zauna a matse. Mai ƙofa ya yi sa'a, domin ƙarfensa siriri ne, ya karkace ya fitar da abin da ke cikinsa kowa ya gani. Ƙarfe mai kauri ba ya iya karkacewa, sai ya haɗiye. Ban da walda, zubi, da dukan guduma, da lanƙwasawa, da wasawa bisa dutse, da tsoma jan ƙarfe cikin ruwa kamar yadda maƙera ke yi, kowannensu yana barin nasa.

Shi kaɗai bai cika karya abu ba, sai ya sami abokin ɓarna. Sojojin Ingila da ke mulkin Indiya sun sha mamakin yadda kwanson harsashinsu na tagulla ke tsagewa shi kaɗai cikin ajiya lokacin damina. Sai a shekara ta 1921 aka bayyana dalilin. Da damina ana ajiye harsasan cikin bargar dawaki, tururin fitsarin dawaki mai ɗauke da amoniya yana cin tagulla, amma ba ya tsaga ta sai a wuyan kwanso, inda matsar da aka yi a ma'aikata ta bar ja a maƙale. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren da bangon ne suka haɗa kai wajen tsagewar. Maganin da aka samu shi ne a gasa kwanson kaɗan bayan an ƙera shi, jan ya saki.

Sai an huda ake sanin gaskiya

Matsalar auna wannan ƙarfi ita ce, babu ma'aunin da za a ɗora bisa ƙarfe ya faɗe shi kai tsaye, kamar yadda sikeli ke faɗin nauyin buhun gero. Sikeli yana farawa ne daga sifili, kamin a ɗora buhu. Shi kuwa ƙarfen da aka kawo ma injiniya ya riga ya ɗauki kayansa, ba wanda ya ga yadda yake kamin nan. Dubarar da ta fi daɗewa ita ce a tsinke tsirkiya a ga iyakar inda baka zai buɗe. Gwargwadon buɗewarsa, gwargwadon jan da ke ciki. Mai sayar da kankana ma ya san wannan: idan ta nuna sosai, wuƙa na taɓa ta sai tsagar ta riga wuƙa zuwa.

Tun cikin shekarun 1880 wani hafsan sojan Rasha mai suna Kalakutski ya riƙa yanka zobba daga bakin igwa yana auna yadda faɗinsu ke canzawa bayan yanka. Amsa tana fitowa, amma igwar ta tafi. Wani Bajamushe, Josef Mathar, wanda aka buga aikinsa a shekara ta 1934, ya kawo sauƙi: maimakon a datse abu gaba ɗaya, a huda ɗan rami kawai, a duba yadda bakin ramin zai motsa. Idan wurin yana cikin ja, ƙarfen da ke kewaye zai ja baya daga ramin. Idan yana cikin matsi, zai matso. Karin magana ta ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma a sha'anin ƙarfe sai an huda ake sanin gaskiyar cikin.

Motsin da ake nema ƙarami ne ƙwarai, ma'aunan zamanin Mathar da ƙyar suke kama shi. Abin da ya raya dubarar shi ne wata ƴar na'ura da mutum biyu suka gano a Amurka a shekara ta 1938, kowanne a wurinsa: Edward Simmons a Kaliforniya da Arthur Ruge a Masacusets. A yau siffarta kamar ƴar tambarin wasiƙa ce, ko ma ba ta kai ba. Cikinta akwai siririyar hanyar ƙarfe da aka nannaɗe tana kai da komowa. Ana manna ta da gam bisa jikin abin da za a auna, a sa lantarki ya ratsa ta. Idan jikin ya miƙe, ita ma ta miƙe, ta ƙara sirancewa, lantarki ya ƙara shan wuya wajen wucewa. Wannan ƙarin wuya shi ake karantawa. Tana iya jin miƙewar da ba ta wuce kashi 1 cikin miliyan ba, misalin a ce hanya mai kilomita 1 ta ƙaru da milimita 1.

Ga yadda aikin ke tafiya a ɗakin gwaji ko a bakin aiki. Ma'aikaci zai goge wurin a hankali, domin gugar ƙarfi ita kanta tana sa nata ƙarfin cikin ƙarfe ta ɓata awo. Ya manna ma'aunai 3 da ke kewaye da ɗigo ɗaya, kowanne na fuskantar wata kusurwa, tun da ja na iya yin yawa ta gabas ya yi kaɗan ta arewa. Sannan ya saita mahuji da madubin ƙara girma a tsakiyar ɗigon. Mahujin irin na likitan haƙori ne, iska ke juya shi, yana iya zagayawa har sau 400,000 cikin minti ɗaya, don ya ci ƙarfe ba tare da ya danne shi ba. Ramin bai wuce milimita 2 a faɗi ba, zurfinsa ma kamar haka ko ƙasa da haka, kuma ba a huda shi gaba ɗaya. Ana shiga kaɗan, a tsaya, a rubuta abin da ma'aunai suka ce, a ƙara shiga. Daga jerin lambobin nan ne lissafi ke fitar da yadda ƙarfin yake hawa da sauka daga fata zuwa ciki. Ƙa'idar da aka fi bi wajen wannan aiki ita ce ASTM E837 ta Amurka.

Dubarar tana da arha idan aka gwada ta da sauran, kayanta na shiga akwati ɗaya, ana iya hawa gada da su. Aibinta uku ne sanannu. Ba ta ganin abin da ya wuce zurfin ɗan ramin. Idan mahuji ya kauce daga tsakiya ko da kaɗan ne, amsa ta gurɓace. Kuma idan ƙarfin da ke maƙale ya kusanci iyakar juriyar ƙarfen, bakin ramin yakan lanƙwashe, lissafi ya ba da lamba fiye da gaskiya. Abin takaicin shi ne a gefen walda, inda aka fi bukatar awon, nan ne wannan matsala ta fi aukuwa. Ga kuma ramin da aka bari. A jikin babban ginshiƙi ana iya goge shi a manta, amma ba mai yarda a huda fiffiken injin jirgin sama sannan a mayar da shi aiki.

Tambayar ƙwayoyin zarra

Hanya ta biyu ba ta yanka komi. Ƙarfe a cikinsa jerin ƙwayoyin zarra ne, sahu bisa sahu, da tazara sananniya tsakaninsu. A baƙin ƙarfe tazarar ba ta kai kashi 1 cikin miliyan 3 na milimita ba. Inda ake ja sahun yakan ɗan buɗe, inda ake matsi ya ɗan tsuke. Ke nan ƙarfe yana ɗauke da ma'auninsa a jikinsa, saura a sami idon da zai karanta. Idon shi ne hasken X, irin wanda likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. A shekara ta 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence, a Ingila, suka nuna cewa idan wannan haske ya faɗa bisa sahun ƙwayoyin zarra, yana komowa ne ta wata kusurwa da tazarar sahun ke ƙayyadewa. Sun sami kyautar Nobel tare a 1915, ɗan yana da shekara 25. Saboda haka wanda ya auna kusurwa ya san tazara, wanda ya san tazara ya san ja. A aikace ana karkata hasken ta fuskoki da dama bisa wuri guda, a duba yadda tazarar ke canzawa daga wata karkata zuwa wata.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma hasken X fuska kaɗai yake iya tambaya. Cikin baƙin ƙarfe ba ya shiga fiye da mikron 10 zuwa 20, alhali kaurin gashin kai ya kai mikron 70. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, domin yawancin tsaga daga fata take farawa, shi ya sa masu ƙera haƙoran giya da sassan injin jirgin sama suka dogara da shi. Amma wanda ke son sanin abin da ke tsakiyar walda mai kauri sai ya nemi wani abu.

Wannan abu shi ne nutron, ƙwayar da ke fitowa daga tukunyar nukiliya. Ba ta ɗauke da caji, don haka tana ratsa santimita da dama na baƙin ƙarfe, ta fi haka a alminiyom, ta komo da labarin sahun da ke can ciki. Sai dai ba a ɗaukar tukunyar nukiliya a kai ta bakin aiki. Dole a ɗauki abin da za a auna a kai shi ɗaya daga cikin ƴan wuraren da ke da ita, a nemi izini, a jira layi na watanni. Cibiyar Laue-Langevin da ke Grenoble a Faransa tana da na'urar wannan aiki mai suna SALSA. A Afirka akwai ɗaya a tukunyar SAFARI-1 da ke Pelindaba, ƙasar Afirka ta Kudu, an sa mata suna MPISI, wanda a harshen Zulu ke nufin kura. Akwai kuma wani abin dariya cikin lamarin. Don a san ko sahu ya buɗe, sai an san tazararsa lokacin da ba abin da ke jansa. Hanyar sanin haka kuwa ita ce a yanko ɗan ƙanƙanin gutsure daga irin wannan ƙarfen, wanda ƙanƙantarsa ta sa ya saki duk abin da ke cikinsa. Ashe dubarar da ake yabo da rashin yanka ita ma ba ta rabu da wuƙa ba.

A wajen shekara ta 2000 wani injiniya mai suna Michael Prime, na cibiyar Los Alamos a Amurka, ya koma ga yankan, amma da sabon salo. Ana ɗaure abu tamau, a raba shi biyu da siririyar wayar tagulla mai cin ƙarfe da tartsatsin lantarki, ba tare da ta danna shi ba. Da babu maƙalallen ƙarfi, da fuskar yankan ta fito sumul. Tun da akwai, sai ta fito da tudu da kwari na ƴan mikron, wurin da ke cikin ja ya shige, wurin da ke cikin matsi ya kumburo. A auna wannan tudu da kwari ɗigo ɗigo, a ba kwamfuta ta lissafa ƙarfin da za a sa don a mayar da fuskar sumul. Amsar ita ce taswirar ƙarfin da ke ciki kamin yanka, tun daga fata har tsakiya. Abin ya mutu, amma ya faɗi duk abin da ya sani. Akwai wasu hanyoyin masu sauri, kamar aika sautin da kunne ba ya ji cikin ƙafar jirgin ƙasa a auna saurin tafiyarsa, ko sauraren ƴar ƙarar da maganaɗisu ke tayarwa cikin ƙarfe. Suna da amfani wajen tantance kaya masu yawa, amma sai an fara daidaita su da ɗaya daga cikin waɗancan. Injiniya mai hankali ba ya yarda da hanya ɗaya a aiki mai hatsari, domin an sha raba ƙarfe iri ɗaya ga ɗakunan gwaji dabam dabam amsoshinsu su saɓa.

Ba kullum ne abokin gaba ba

Ja ne ke buɗe tsaga, matsi rufe ta yake yi. Da aka gane haka sai aka fara sa matsi da gangan a fatar abubuwa. Gilashin gefen mota misali ne. Ana gasa shi, a hura ma fuskokinsa iska mai sanyi, fata ta daskare da wuri, ciki ya biyo baya yana tsukewa yana janyo fatar. Sai fata ta zauna a matse, ciki a miƙe. Shi ya sa yake jure bugu, kuma ranar da tsini ya kai ga cikinsa sai ya watse gaba ɗaya kamar tsakuwa. Tun a shekara ta 1660 aka kai ma sarki Charles na biyu na Ingila wasu ɗigogin gilashi da aka zuba cikin ruwan sanyi suna narke, masu kai kamar talibambam da dogon wutsiya. Guduma ba ta fasa kan, amma a karya ƙarshen wutsiya sai duka ya zama gari. Sai a 2016 aka auna matsin da ke fatar irin waɗannan ɗigogi da kyau, aka tarar yana kai megapaskal 700. Gilashi yana da sauƙin tambaya, tun da haske na ratsa shi: ta cikin matacin haske na musamman ana ganin ƙarfin a matsayin launuka. Direban da ya sa wani irin tabarau na rana yakan ga tabo tabo a gilashin bayan motar da ke gabansa. Abin da yake gani ke nan.

A ƙarfe kuma ana harbin fata da ƙananan ƙwallaye kamar ƙwayar gero, kowanne ya bar ɗan lotsawa, fatar ta zauna a matse. Haka ake yi ma sifirin mota, faifayen nan da ke ɗauke da nauyi bisa ƙafafu. John Almen na kamfanin General Motors ya fito da ma'aunin wannan aiki cikin shekarun 1940, kuma sauƙinsa abin sha'awa ne: ɗan fallen ƙarfe mai tsawon milimita 76, a harbe fuska ɗaya, a kwance shi, ya tanƙware, a auna tsayin tanƙwarar. Har yau da shi ake aiki.

Darasin da ya ci ma Faransa miliyoyi

Wanda ke zaton wannan magana ta ɗakin gwaji ce kawai, ya dubi abin da ya sami tashoshin lantarkin nukiliya na Faransa, waɗanda a da uraniyom ɗin Arlit da Akokan ya daɗe yana cikin makamashinsu. A ƙarshen shekara ta 2021, lokacin babban binciken da ake yi kowace shekara 10 a tukunya ta 1 ta tashar Civaux, na'urar sauti ta nuna alamu kusa da walda a bututun da aka tanada don tura ruwan gaggawa cikin tukunya idan hatsari ya auku. Aka yanko bututun aka kai ɗakin gwaji, aka tarar da tsaga mai zurfin fiye da milimita 5. Ƙarfen irin wanda ba ya tsatsa ne, kuma ba a zaci wannan cuta za ta kama shi a wannan wuri ba. Cutar kuwa ita ce ta kwanson harsashin Indiya: ruwa mai zafi na ci, ja na buɗewa. Bincike ya ɗora alhakin bisa abu biyu, siffar bututun da ke sa ruwan zafi da na sanyi su yi hawa hawa a cikinsa, da kuma ƙarfin da walda ta bari.

Kamfanin EDF ya tsayar da tukwanen Civaux da na Chooz, sannan bincike ya bazu zuwa wasu. A wani lokaci cikin 2022 fiye da rabin tukwane 56 na ƙasar suna tsaye, wasu saboda wannan, wasu saboda gyaran da aka saba. Lantarkin nukiliyar da aka samar ya faɗo daga wajen terawat-awa 360 a 2021 zuwa 279 a 2022. A wannan shekara Faransa ta sayo lantarki daga waje fiye da wanda ta sayar, abin da rabonta da shi tun 1980. EDF ta rufe shekarar da asarar kusan miliyar 18 na kuɗin euro, fiye da miliyar 11,000 na sefa, ko da yake ba tsagar kaɗai ta jawo ta ba.

A watan Maris na 2023 aka bayyana wadda ta fi tayar da hankali, a tukunya ta 1 ta tashar Penly. Tsawon tsagar milimita 155, zurfinta ya kai milimita 23 a bututun da kaurinsa duka milimita 27 ne. Da aka duba tarihin wurin, sai aka ga an gyara waldar sau biyu tun lokacin gina tashar. Gyaran walda yakan bar ja fiye da waldar farko, domin ana narka ɗan wuri ne a tsakiyar ƙarfen da ya riga ya kafe ta kowace fuska. Daga nan aka koma ana tono tsofaffin takardun gini ana neman duk waldar da aka taɓa gyarawa.

Ƙasar Nijar ita ma ta shiga sahun masu dogon ɗinkin ƙarfe. Bututun da ke kawo ɗanyen mai daga Agadem zuwa matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011, tsawonsa kilomita 462 ne. Wanda ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar teku a Seme, ƙasar Benin, inda aka yi lodin jirgi na farko a watan Mayu na 2024, ya kusa kilomita 2,000. Idan aka ɗauka kowace gaɓa mita 12 ce, kamar yadda aka saba ƙera bututu, mahaɗan da aka yi ma walda sun haura 160,000. A irin wannan aiki ana duba walda da hoton hasken X ko da na'urar sauti, su nuna kumfa, ko tsaga, ko inda wuta ba ta ci ba. Amma hoton ba ya nuna maƙalallen ƙarfi. Walda na iya fitowa tsaf a hoto alhali tana miƙe kamar tsirkiya. Shi ya sa ƙa'idojin da injiniyoyi ke bi wajen yanke hukunci bisa tsagar da aka gano suka ce, in ba a auna ba, kuma ba a gasa waldar bayan ɗinki ba, a ɗauka jan da ke ciki ya kai iyakar juriyar ƙarfen. Wannan zato yana kare rai, amma yana sa a tono a yanke abin da wata ƙila da an auna da an bar shi. Kuɗin awo da kuɗin rashin awo, mai bututu ne zai zaɓi wanda zai biya.

Gasawar da ake magana ba ta da wani asiri. Ƙarfen gini ana kai shi wajen digiri 600, a riƙe shi nan misalin awa 1 ga kowane milimita 25 na kauri, sannan a bar shi ya huce sannu a hankali. Da zafin nan ƙarfe yakan yi laushin da zai saki mafi yawan abin da ya haɗiye. Kwalabar gaz ta girki ana gasa ta a ma'aikata bayan walda, saboda haka wanda ya sake ɗora mata wuta a bakin hanya don ya toshe yoyo ya mayar da jan da aka cire, a jikin abin da ke riƙe da iska mai kamawa. Sifirin babbar mota kuma akasin haka ne: matsin da aka sa ma fatarsa da gangan shi ke tsawaita ransa, kuma makaniken da ya gasa shi da wuta don ya maido da tanƙwararsa ya goge wannan matsi. Faifan zai koma mota da kyakkyawar siffa, ya ɗauki lodin albasa daga Galmi, tsagar kuma ta fara daga fatar da aka gasa.